Daga Lambunan Tabelot Zuwa Ƙwallon Kwando Na Waya: Darasin Rabon Aiki Ga 'Yan Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ke harkar albasa, ko a Agadas yake ko a Tawa ko a Yamai, ya san sunan Tabelot ko da kuwa ƙafarsa ba ta taɓa taka garin ba. Garin yana cikin duwatsun Abzin ne, arewa maso gabas da Agadas, a gindin tsaunin Bagzam, wanda ƙololuwarsa mai tsawon mita 2,022 ita ce wuri mafi tudu a duk faɗin Jamhuriyar Nijar. Abin da ya ɗaukaka albasar wannan yanki shi ne lokacin fitowarta, domin tana shiga kasuwa ne daga wajen watan Oktoba zuwa ƙarshen shekara, daidai lokacin da albasar Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa manyan motoci ke ɗaukarta har zuwa Gana da Kwaddibuwa.

Kafin injinan ban ruwa su yawaita a lambunan Abzin, da raƙumi ko sa ake jan ruwa daga rijiya. Dabbar ta yi gaba ta dawo, guga ya hau ya juye ruwa a magudana, haka ake yi har a shayar da fangali bayan fangali. Mai lambun da ya san abin da yake yi ya san cewa ƙarfin dabbar nan shi ne jarinsa. In ya matsa mata don ya gama ban ruwa da wuri, to mako mai zuwa ba zai sami mai ja masa guga ba, albasar kuma ba za ta jira shi ba. Haka nan su ma madugan da ke jagorantar ayarin raƙuma daga Abzin zuwa Fachi da Bilma ɗauko kantun gishiri da dabino. Tafiya ce ta kimanin kilomita 500 cikin hamadar Tenere, inda babu kiwo, don haka sai an ɗaura dammunan ciyawa tun daga gida. Bayan an dawo kuma akwai wata tafiyar zuwa ƙasar Hausa don a sayar da gishiri a sayo gero. Madugun da ya ƙarar da ƙarfin raƙumansa a zangon farko ba ya ganin kasuwar Damagaram da riba.

Mai karatu zai iya tambaya, to me ya haɗa albasar Tabelot da ƙwallon kwando? Dalilin kawo wannan misali shi ne wani koke da muke yawan ji daga bakin iyayenmu mata 'yan kasuwa da kuma masu shaguna, cewa yaran yanzu sun duƙufa a kan waya, in an yi magana su ce wai suna “shirya ƙungiya” ne. Uwa ta leƙa wayar, ba ta ga ana buga ƙwallo ba, sai sunaye da lambobi jere kamar littafin bashi. Daga nan sai hankalinta ya tashi, ta fara tunanin ko caca yaron ya shiga. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin irin waɗannan wasanni, mu ɗauki na ƙwallon kwando a matsayin misali, domin a cikinsa ne lissafin mai lambu da na madugu ya fi fitowa fili.

Yadda wasan yake

Ita dai ƙwallon kwando, wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro ta a garin Springfield na ƙasar Amurka a shekarar 1891, kuma kwandunan zuba 'ya'yan itace ya rataya aka fara jefa ƙwallo a ciki, inda wasan ya samo sunansa ke nan. Kowace ƙungiya tana sa mutum 5 ne a fili a lokaci guda, sauran suna zaune a benci. Bambancinta da ƙwallon ƙafa shi ne, koci yana iya fitar da ɗan wasa ya huta sannan ya sake mayar da shi, sau nawa ya ga dama. A gasar NBA ta Amurka minti 48 ake yi, a wasannin ƙasa da ƙasa kuwa minti 40 ne. Ashe ke nan babban aikin koci shi ne sanin wa zai shiga, yaushe zai shiga, kuma minti nawa zai yi.

A kan wannan aiki na koci ne aka gina wasannin intanet da muke magana a kansu. Sun daɗe da samuwa, domin na ƙwallon ƙafa mai suna Hattrick tun a shekarar 1997 aka fara shi a ƙasar Suwidin. Matasanmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo sun fi sanin Fantasy Premier League, wanda mutane fiye da miliyan 10 ke bugawa a duniya. A ɓangaren ƙwallon kwando kuwa, ɗaya daga cikin sanannu shi ne BuzzerBeater. Wanda ya yi rajista ana ba shi ƙungiya ta ƙirƙira da 'yan wasa na ƙirƙira, da filin wasa, da kuma asusu mai kuɗin da ba su da amfani a ko'ina sai a cikin wasan. Da waɗannan kuɗi yake biyan albashin 'yan wasa kowane mako, ya sayi sababbi a kasuwar gwanjo inda wanda ya fi tayi shi ke ɗauka, ya kuma sami kuɗin shiga daga tikitin 'yan kallo. Abokan karawarsa mutane ne irinsa a wasu garuruwa da ƙasashe. Ƙungiyar da ta yi ƙoƙari a ɗaga ta zuwa rukuni na sama, wadda ta gaza kuma a mayar da ita ƙasa.

Wani abin lura shi ne, mai ƙungiya ba ya buga ƙwallon da hannunsa. Kafin ranar wasa yake rubuta umarninsa: ga mutum biyar da za su fara, ga wanda zai canji kowannensu, ga salon kai hari, ga salon tsare gida. Da zarar lokaci ya yi, kwamfuta ce ke gudanar da wasan bisa abin da ya rubuta, shi kuwa sai dai ya zuba ido. Duk wanda ya taɓa loda buhunan albasa a mota daga Abzin zuwa bakin teku ya san wannan hali. In mota ta tashi, buhun da aka sa a ƙasa ya zauna a ƙasa ke nan, gyara kuma sai dai a lodi na gaba.

Lissafin minti 720

A nan ne gizo ke saƙar. A wasan BuzzerBeater, ƙungiya kan buga wasa 3 ne a mako, biyu na gasa, ɗaya kuma na cin kofi ko na sada zumunta. Kowane wasa minti 48 ne, kuma gurabe 5 ne a fili, wato minti 240 ke nan za a raba wa 'yan wasa a wasa guda, a mako kuma minti 720. Waɗannan mintoci su ne hajar da mai ƙungiya ke kasawa.

Sabon shiga, abin da ya fi yi masa sauƙi shi ne ya zuba gwanayensa biyar a kowane wasa daga farko har ƙarshe. In ya yi haka, kowannensu zai buga minti 144 a mako. Makon farko zai ji daɗi, domin zai iya cin wasanninsa. Amma wasan yana auna lafiyar jikin kowane ɗan wasa gwargwadon mintocin da ya buga a mako. Wanda aka gajiyar, ƙarfinsa ya ragu a mako mai zuwa. Abin mamaki kuma, wanda aka bari a benci bai taɓa ƙwallo ba, shi ma jikinsa ya mutu. Shi ya sa waɗanda suka ƙware kan yi ƙoƙarin tsayar da kowane ɗan wasa a kusa da minti 60 a mako. In aka raba 720 gida 60, amsar ita ce 12, kuma mutum 12 ne ƙungiya ke iya rubutawa a takardar wasa. Ma'ana dai, an tsara wasan ne yadda wanda ya dogara da mutum biyar kaɗai ba zai kai labari ba.

Bugu da ƙari akwai batun horo. Ɗan wasa ba ya samun cikakken horon mako sai ya buga minti 48 a gurbin da ake horarwa a wannan mako, kuma matasa 'yan shekara 18 zuwa 19 sun fi manya saurin ɗauka. Gurbi ɗaya a wasa uku minti 144 ne, wanda ya isa a horar da yara uku cif. To amma ga tsaka mai wuya: yaron da ake son horarwa bai kai tsohon hannu iyawa ba, sa shi a fili zai iya jawo a sha kashi a wasan yau. Rashin sa shi kuma yana nufin ranar da tsohon hannu ya tsufa ko ya ji rauni, ko albashinsa ya fi ƙarfin asusu, babu wanda zai gaje shi. Don haka mai ƙungiya sai ya dubi jadawalin mako ya tantance wasan da za a sa wa ƙarfi da wanda za a bar wa yara. Har ma akwai zaɓi na ce wa 'yan wasa su sassauta a wasan yau domin su tara kuzari, ko su zage damtse iya ƙarfinsu, amma da sanin cewa za a biya bashin gajiyar a wasannin gaba. Ja da baya ga rago dai ba tsoro ba ne.

Abin da ya faru a filin gaske

Kada mai karatu ya ɗauka wannan lissafi a waya kaɗai ya tsaya. A ranar 28 ga Afrilun 2012, ƙungiyar Chicago Bulls tana gaba da maki 12, saura ƙasa da minti biyu a tashi, amma tauraronta Derrick Rose, wanda ya zama gwarzon gasar NBA a 2011 yana ɗan shekara 22, yana cikin fili har lokacin. Ya yi tsalle ya dira, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar da ta biyo baya. Har yau masu sharhi na muhawara kan ko ya dace kocinsa, Tom Thibodeau, ya bar shi a fili a wasan da an riga an ci.

A cikin wannan shekarar dai, a watan Nuwamba, kocin San Antonio Spurs, Gregg Popovich, ya sallami manyan 'yan wasansa huɗu, ciki har da Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili, suka koma gida hutu ana gab da babban wasa da Miami Heat. Hukumar NBA ta fusata ta ci ƙungiyar tarar dala 250,000. Sai ga shi a kakar 2013 zuwa 2014, babu ɗan wasan Spurs ko ɗaya da ya kai matsakaicin minti 30 a kowane wasa, kuma a ƙarshe su suka ɗauki kofi, bayan sun doke ita Miami Heat ɗin da ci 4 da 1, alhali Duncan yana da shekara 38. Haka ma Kawhi Leonard, wasa 60 kawai ya buga cikin 82 a kakar 2018 zuwa 2019, saboda ƙungiyarsa Toronto Raptors tana lallaɓa ƙafarsa, sannan ya jagorance ta ta ci kofinta na farko a tarihi.

Sai dai adalci shi ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Ɗan kallon da ya biya kuɗi mai yawa don ya ga gwani, ya zo ya tarar da shi zaune a benci cikin kayan gida, shi ma yana da hakki. Da abin ya yi yawa, a shekarar 2023 hukumar NBA ta kafa doka cewa ɗan wasan da bai buga aƙalla wasa 65 ba, ba zai shiga takarar manyan lambobin yabo na shekara ba. Hutu ma in ya wuce kima ɓarna ne, kamar dai yadda wasan waya ya nuna.

A nan gida Afirka kuwa, misalin da zai fi faranta wa iyayenmu mata rai shi ne na D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Nijeriya, wadda ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, a 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da kuma 2025. A cikin waɗannan shekaru an canja masu horarwa, wasu 'yan wasa sun tafi wasu sun zo, amma kofi bai bar hannunsu ba. Rena Wakama, wadda ta jagorance su a 2023 da 2025, ita ce mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin koci, kuma a ƙarƙashinta ne suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, matakin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa kafin nan. Ƙungiyar da ba ta da na baya masu tasowa ba za ta yi shekara takwas tana riƙe da kofi ba.

A rumfa da shago

Yanzu bari mu dawo kasuwa, domin nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Mu dubi shagunanmu da idon basira. A yawancinsu akwai yaro guda da maigida ya yarda da shi, shi ke buɗe shago, shi ke karɓar kuɗi, shi ke zuwa sari, shi ke bin bashi, shi ke rufewa. Sauran yaran kuwa aikinsu shara da ɗauko kaya da sayo abinci, sai su shekara uku ba su san farashin sari ba, ba su san dillali ko ɗaya ba. Wannan shi ne minti 144 ga mutum ɗaya, sifili ga sauran. Ranar da amintaccen yaron nan ya kwanta ciwo, ko ya yi aure, ko lokacin sallamarsa ya yi ya buɗe nasa shagon, sai maigida ya rasa inda zai sa kansa, ya fara cewa yaran zamani ba su da amfani, alhali shi ne bai taɓa sa su a fili ba. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka abin yake a wajen mata. Hajiya mai sayar da kayan miya ko atamfa ko abinci, sau da yawa ita kaɗai ta san wa ke binta, wa take bi, a wurin wa ake samun kaya da sauƙi. In haihuwa ta zo ta shiga wankan jego na kwana arba'in, ko Allah Ya kira ta aikin Hajji, sai rumfa ta zauna a rufe, masu ciniki su koma maƙwabta, wasu kuma ba za su dawo ba. A wani gidan kuma babbar 'ya ce ke ɗauke da komai, ita ce talla, ita ce girki, ita ce raino, har karatunta ya lalace, ƙannenta kuwa suna zaune. Direban da ya ɗauko albasa daga Agadas ya ce shi kaɗai zai kai ta bakin teku ba tare da barci ba, shi ma wannan kuskuren yake yi, sai dai nasa yana iya cin rayuka har da dukiyar mutane.

Abin da muke ba da shawara ba mai wuya ba ne. Kowane ɗan kasuwa ya san ranakun da ciniki ke zafi, kamar ranar kasuwa da jajibirin salla da ƙarshen wata, ya kuma san ranakun da kasuwa ke kwance. A ranakun zafi a sa gwani a gaba. A ranakun sanyi a bar ƙaramin yaro ya riƙe aljihun kuɗi, ya yi ciniki da bakinsa, ya yi kuskuren da ba zai karya jari ba, da yamma a zauna a yi lissafi tare da shi. In za a je sari a riƙa tafiya da su bi da bi, domin dillalai su san fuskokinsu. Shi kuma gwanin a ba shi ranar hutu tun kafin jikinsa ya ƙwace ta da ƙarfi. Amma kada maigida ko uwar ɗaki su ɓace gaba ɗaya, domin akwai mai sayen da saboda fuskarsu yake zuwa, kamar dai ɗan kallon da ya biya kuɗi don ganin gwani.

Inda ya kamata iyaye su sa ido

Duk da wannan bayani, ba muna cewa duk abin da yaro ke yi a waya alheri ba ne. Tsoron da iyaye ke yi yana da tushe, domin kamfanonin caca sun cika wayoyi, kuma su ma sunayen 'yan wasa da lambobi suke nunawa, ta yadda wanda bai sani ba ba zai bambance ba. Hanyar ganewa ɗaya ce, Hajiya: ki tambaye shi ko yana zuba kuɗi na gaske da fatan a biya shi ninki in ya ci. In amsar e ce, wannan caca ce, addini ya hana, kuma ta rusa jarin mutane da dama. Wasannin da muka ambata a sama kyauta ake shigarsu, kuma kuɗin cikinsu ba a cirewa a kashe. Wasunsu dai suna da tsarin biyan kuɗin mamba ga mai son ƙarin kayan aiki, don haka a lura kada kuɗin ciniki su riƙa zirarewa ta nan ko ta wajen sayen data.

Sai kuma batun lokaci. Shirya ƙungiyar da ke buga wasa uku a mako ba aikin wuni ba ne, 'yan mintoci sun isa. Yaron da ya bar mai saye a tsaye yana latsa waya, ko ya kai tsakar dare ya kasa tashi sallar asuba, to shi kansa ya kasa raba nasa mintocin, kuma ya kamata a gaya masa haka da irin harshen da yake ji.

Daga ƙarshe, ga wata jarrabawa mai sauƙi da Alhaji ko Hajiya za su iya yi wa yaron a daren yau. A ce ya nuna ƙungiyarsa, a tambaye shi dalilin da ya sa ya ajiye gwaninsa a benci a wasan jiya. In ya iya bayani, ya kawo lissafin mintoci da na albashi da na wasan da ke tafe, to a san cewa yana da kan da zai riƙe littafin shago, sai a fara jarraba shi da ranar da kasuwa ke kwance. In kuwa ya kama in-ina, ko ya ɓoye wayar, to sai a ƙara bincike. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma sa albarka a kasuwancinmu, amin.